Yadda Ake Zama Alƙalin Wasan Ƙwallon Ƙafa, Daga Filin Unguwa Zuwa Bajon FIFA

Alƙalancin wasan ƙwallon ƙafa sana'a ce mai zaman kanta, tana da karatunta da jarrabawarta da gwajin lafiyarta, kuma tana da matakan da ake hawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ba. Ba sharaɗi ba ne sai mutum ya taɓa buga wa babbar ƙungiya wasa kafin ya riƙe usur, ko da yake wanda ya taɓa buga ƙwallo, ko da a unguwa ne, yakan fi saurin gane dabarun 'yan wasa da yaudararsu. Abin da ake bukata da farko shi ne ƙuruciya, da lafiyayyen jiki, da ido mai gani sosai, da iya karatu da rubutu da Turanci a Najeriya ko Faransanci a Nijar, domin da su ake jarrabawa kuma da su ake rubuta rahoton wasa. Ƙofar a buɗe take ga maza da mata. Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kamaru a watan Janairun 2022, sannan a ƙarshen wannan shekarar Stéphanie Frappart 'yar Faransa ta busa wasan Jamus da Kosta Rika a gasar cin kofin duniya ta maza a Ƙatar.

Inda ake farawa

A Najeriya hanyar tana bi ta Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Najeriya, wato NRA, wadda take da rassa a jihohi kuma take aiki a ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF. Sai ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharka ka tambayi lokacin da za a buɗe kwas na sababbin alƙalai. A Nijar kuma hukumar FENIFOOT ce da rassanta na jihohi. Wanda ya ci jarrabawar rubutu da gwajin gudu yakan fara daga mataki na 3, ya haura zuwa na 2, sannan na 1, kuma daga nan ne ake zaɓen waɗanda za su busa gasannin ƙasa, a Najeriya tun daga ƙaramar gasa ta NLO zuwa matsakaiciya ta NNL har zuwa gasar Firimiya ta NPFL, ko gasar mata ta NWFL. Tun da hawan yana cin shekaru, gara mutum ya shiga tun bai cika shekara 20 ba.

A shekarun farko kada ka raina wasa. Gasar makarantu, da wasan sada zumunci na unguwanni, da wasannin yara 'yan ƙasa da shekara 15, duk ka karɓa, kuma ka yarda a ba ka tuta ka tsaya a gefen fili ko a sa ka alƙali na huɗu mai kula da benci da canjin 'yan wasa. A filin ƙasa wanda layinsa na toka ne, babu shinge tsakaninka da 'yan kallo, nan ne za ka koyi abin da aji ba ya koyarwa.

Karatun doka

Dokokin wasa 17 ne, kuma ba FIFA ce kaɗai take tsara su ba. Hukumar IFAB ce, wadda aka kafa a 1886, inda Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa kowacce take da ƙuri'a ɗaya, FIFA kuma tana da huɗu, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida cikin takwas. Kusan kowace shekara akan yi gyara, sabon littafin ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli, kuma ana samunsa kyauta a shafin intanet na hukumar da manhajarta ta waya. Alƙalin da ya dogara da abin da ya koya shekara biyar baya zai kunyata a fili. Misali, daga kakar 2025/26 mai tsaron raga yana da daƙiƙa 8 ne ya saki ƙwallon da ya riƙe, alƙali yana ɗaga hannu ya ƙirga daƙiƙa biyar na ƙarshe da yatsunsa, idan kuma ya wuce lokacin sai a bai wa abokan hamayya bugun kwana. A da daƙiƙa 6 ne, hukuncin kuma bugun tazara ne wanda ba a cin raga da shi kai tsaye. Dokokin da suka fi cin lokaci wajen karatu su ne ta 5 a kan ikon alƙali, da ta 11 a kan satar gida, da ta 12 a kan ƙeta da rashin ɗa'a. Hanya mai amfani ita ce a duk hukuncin da ka karanta ka tambayi kanka abu uku: mene ne laifin, wane kati ya dace idan akwai, kuma ta yaya za a ci gaba da wasa da daga ina. A wannan tambaya ta uku ce sababbin alƙalai suka fi tuntuɓe.

Jiki

Alƙalin tsakiya a babban wasa yakan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 12, kuma shi ba a canza shi don ya gaji. Gwajin FIFA na maza masu neman matakin ƙasa da ƙasa yana da kashi biyu. Na farko gudun mita 40 ne sau shida, kowanne cikin daƙiƙa 6 ko ƙasa da haka. Na biyu kuma gudun mita 75 cikin daƙiƙa 15, sai tafiyar mita 25 cikin daƙiƙa 18, a maimaita sau 40, wato zagaye goma na filin tsere ke nan, mita 4,000. Mata da mataimaka suna da nasu ma'aunin. Saboda haka dogon gudu a hankali a bakin titi ba zai wadatar ba. Dole ne atisayenka ya ƙunshi gudu mai ƙarfi da ɗan hutu da sake tashi, da gudu da baya, da gudu a kaikaice, musamman ga mai riƙe tuta. Wanda yake atisaye bayan sallar asuba kaɗai ya riƙa haɗawa da na la'asar, domin a lokacin ne ake buga yawancin wasanninmu, kuma jiki yana bukatar sabawa da zafin da zai yi aiki a cikinsa. Abin da ya sami Janny Sikazwe ɗan Zambiya a garin Limbe a Janairun 2022 ya isa darasi: ya tashi wasan Tunisiya da Mali a minti na 85, aka ci gaba, ya sake tashi kafin minti 90 su cika, daga baya aka bayyana cewa zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki ne suka buge shi. Ka sha ruwa tun kafin ranar wasa, ka ɗaura agogo biyu, kuma idan rana ta yi tsanani doka ta ba da damar hutun shan iska na daƙiƙa 90 zuwa minti uku.

Wurin tsayuwa

A ganina wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Yawancin hukuncin da yake tayar da rigima ba rashin sanin doka ne yake jawo shi ba. Alƙalin ya san dokar sarai, amma a lokacin da abin ya faru yana nesa, ko kuma jikin wani ɗan wasa ya tare masa gani, sai ya yi hukunci da zato ko da ihun jama'a. Gani ya kori ji, kuma gani yana samuwa ne daga inda ƙafa ta kai mutum.

Tsarin da ake bi shi ne alƙali ya riƙa gudu a karkace, daga kusurwar wannan gida zuwa kishiyar kusurwa ta wancan gida, ta yadda ƙwallo za ta kasance tsakaninsa da mataimakin da yake kula da wannan rabin filin. Da haka idanu biyu suke kallon abu guda daga ɓangarori biyu, kuma alƙali yana ganin tutar mataimakinsa ba sai ya waiga ba. Wannan layi jagora ne kawai, ba igiya ba ce da aka ɗaure ka da ita. Idan wasa ya koma can gefe, ka bi shi. Tazarar da ta dace ita ce kimanin mita 10 zuwa 15 daga inda ake fafatawa. Idan ka matso fiye da kima za ka ga ƙafafu amma hannun da yake jan riga ya ɓace maka, kuma za ka riƙa tare hanyar ƙwallo. Idan ka yi nisa, ko da hukuncinka daidai ne, 'yan wasa ba za su yarda da shi ba. Abin da ya fi tazara muhimmanci shi ne kusurwar gani: ka nemi ganin tsakanin 'yan wasan biyu daga gefe, domin wanda yake bayansu kai tsaye ba zai iya tantance ko ƙafar ta taɓa ƙwallo ko ƙwauri ta taka ba. Sau da yawa taku uku zuwa hagu ya fi gudun mita 20 zuwa gaba amfani.

Haka kuma ka koyi karanta wasa kafin ya faru. Idan ɗan baya ya ɗaga kai yana duban gaba, ka san doguwar ƙwallo ce za ta tashi, ka fara gudu tun bai buga ba. Idan ana bugun kwana kuma ƙungiyar da take karewa ta bar 'yan gaba biyu masu gudu a tsakiyar fili, ka shirya wa harin ramuwa. A cikin minti goma na farko ka lura da ƙungiyar da take wasa da gajerun ƙwallaye da wadda take yawan cillawa sama, da ɗan wasan da ake yawan nema, da mutum biyun da suka fara harare-harare. Bayan an buga ƙwallo kada idonka ya bi ta nan take. Ka bar shi a kan wanda ya buga na ɗan lokaci kaɗan, domin a wannan lokacin ne ake sa ƙafa a makare.

Shi mataimaki kuwa wurinsa ƙayyadadde ne: ya daidaita da ɗan baya na biyu daga ƙarshe (har da mai tsaron raga a lissafin), ko da ƙwallo idan ita ta fi kusa da layin raga. Taku ɗaya gaba ko baya yana sauya abin da ido yake gani. Ya tuna cewa ana auna satar gida ne a daidai lokacin da abokin wasa ya buga ƙwallon, cewa wanda yake daidai da ɗan baya bai yi satar gida ba, cewa ba a lissafa hannu, kuma babu satar gida daga jifa ko bugun kwana ko bugun gola. Tsayawa a wurin kaɗai ba laifi ba ne sai ɗan wasan ya shiga cikin wasan, don haka jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ɗaga tuta ya fi gaggawa.

Ƙeta da kati

Doka ta kasa ƙeta gida uku. Wadda aka yi da rashin kula, bugun tazara ne kawai. Wadda aka yi da ganganci, ba tare da damuwa da abin da zai sami abokin hamayya ba, katin gargaɗi ne. Wadda kuma aka yi da ƙarfin da ya wuce kima har ta jefa lafiyar mutum cikin haɗari, jan kati ne. Wajen rarrabewa ka dubi saurin da ɗan wasan ya zo da shi, da sashen jikin da ya yi amfani da shi, da inda ya samu abokin hamayyarsa, da ko ƙasan takalmi a buɗe yake; taɓa ƙwallo da farko ba ya wanke wanda ya bi da ƙafarsa ya taka ƙwauri. Idan an hana damar cin ƙwallo bayyananna, abu huɗu ake aunawa: nisan wurin daga raga, da inda wasan ya dosa, da yiwuwar ɗan wasan ya mallaki ƙwallon, da yawan 'yan baya da inda suke. Tun daga 2016, idan a cikin yadi na 18 abin ya faru kuma mai laifin ƙwallo ya nema, fenareti ne da katin gargaɗi, amma idan ja ko turi ya yi, jan katin yana nan.

Taɓa ƙwallo da hannu ya daɗe yana wahalar da alƙalai. Lucien Bouchardeau ɗan Nijar, wanda ya busa wasan Italiya da Cile a gasar cin kofin duniya ta 1998, ya sha suka a kan fenaretin da ya bayar dab da tashi, wanda Roberto Baggio ya ci aka tashi 2 da 2. Ba duk taɓawa ce laifi ba. Laifi ne idan da gangan aka kai hannu ga ƙwallo, ko aka buɗe hannun ta yadda motsin jiki bai bukata ba, ko kuma ɗan wasa ya ci raga da hannunsa ko nan take bayan ƙwallon ta taɓa hannunsa, ko da bisa kuskure ne.

Kati kuwa a rubuta shi nan take, da lambar riga da minti da dalili. Ken Aston ɗan Ingila ne ya kawo shawarar katunan bayan ruɗanin korar Antonio Rattín na Ajantina a 1966, aka fara aiki da su a Meziko a 1970, domin kowa ya gane hukunci ba tare da tafinta ba. Duk da haka a 2006 Graham Poll ya nuna wa Josip Šimunić na Kuroshiya katin gargaɗi har sau uku kafin ya kore shi, saboda kuskuren rubutu a littafinsa. Ka kuma riƙe cewa da zarar an ci gaba da wasa ba ka da ikon sauya hukuncin da ya gabata, don haka idan kana shakka ka dubi mataimakinka kafin ka busa a ci gaba.

Zama da mutane

Usur yana da murya iri-iri: gajeren busa ga ƙaramin laifi, dogo mai ƙarfi ga ƙeta mai muni, kuma jifa ko bugun gola da kowa ya gani ba sa bukatar busa. Magana ta kasance gajera, cikin natsuwa, ba zagi ba barazana, kuma kada ka taɓa jikin ɗan wasa. Kalma ɗaya a hankali yayin da kuke gudu tare takan hana katin da za a bayar bayan minti biyar. Idan an yi maka rubdugu, ka ja baya kaɗan, ka kira kyaftin shi kaɗai ka yi masa bayani. Tun 2019 ana nuna wa koci da sauran jami'an benci kati kamar 'yan wasa. Abin da 'yan wasa ba sa yafewa shi ne ma'auni biyu. Abin da ka busa a minti na 5 a wannan gida, shi za ka busa a minti na 85 a wancan.

Ranar wasa ka iso da wuri, ka zagaya fili, ka duba layuka da raga da tutocin kwana da iskar ƙwallo. Ka duba takalma da kariyar ƙwauri, ka tabbatar an cire zobe da sarƙa da awarwaro da kambun fata, domin doka ta hana su kuma ba ta yarda a rufe su da filasta ba. Ka zauna da mataimakanka ku yi yarjejeniya a kan wanda zai kula da me, musamman a cikin yadi na 18. Ka san inda jami'an tsaro suke da hanyar da za ku bi zuwa ɗakin canza kaya, kuma idan an tashi ku fita tare ku duka.

Kuɗi da amana

Kada ka bar makaranta ko sana'arka saboda usur. A Ingila ma sai a 2001 aka fara ɗaukar manyan alƙalai aikin dindindin, kuma Howard Webb, wanda ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2010, asalinsa ɗan sanda ne. A nan alawus ake biya a kan kowane wasa, kuma alƙalin da yake jiran wannan alawus ya ciyar da gida shi ne mai sauƙin kamawa. Tayin ba ya zuwa da sunan cin hanci. Yakan zo ne a matsayin kuɗin mai, ko biyan ɗakin otal, ko goron baƙunta daga wani na kusa da ƙungiya. Ka ƙi karɓa, ka sanar da kwamishinan wasa, ka sa a rahoto, kuma kada ka kusanci cacar wasanni. A 2017 FIFA ta haramta wa Joseph Lamptey ɗan Gana alƙalanci har abada saboda wasan Afirka ta Kudu da Sanagal na Nuwamban 2016, inda ya ba da fenaretin hannu alhali ƙwallon a gwiwar Kalidou Koulibaly ta buga. Aka sake wasan, Sanagal ta ci 2 da nema. A Janairun 2019 irin wannan hukunci ya faɗa kan Ibrahim Chaibou ɗan Nijar saboda karɓar cin hanci.

Rahoto da hawa mataki

Bayan wasa ka rubuta rahoto tun abin yana sabo a kanka: sakamako, da canje-canje, da katuna, da duk wani abin da ya faru kafin wasa ko bayansa. Ka faɗi abin da ka gani da abin da ka ji da lokacinsa, ba tare da ƙari ko huce haushi ba, domin da wannan takarda kwamitin ladabtarwa zai yi hukunci. A manyan wasanni akwai mai tantancewa a zaune yana ba ka maki, kuma makin nan, tare da sakamakon gwajin gudu da na doka, shi ne yake ɗaga mutum ko ya saukar da shi. Idan an ɗauki wasan a bidiyo ka nema ka kalla, kana duban inda kake tsaye a duk lokacin da ka busa.

Bajon FIFA, wato shaidar zama alƙalin ƙasa da ƙasa, ba a nemansa kai tsaye. Hukumar ƙwallon ƙasa ce take aika sunaye kowace shekara, jerin alƙalan tsakiya daban, na mataimaka daban, don haka tun kana mataki na 1 ya kamata ka zaɓi ɓangaren da ka fi ƙwarewa. Ana bukatar alƙalin tsakiya ya kai shekara 25, mataimaki kuma 23, kuma bajon na shekara guda ne, sai an sake cin gwaji ake sabunta shi. Tun da aka shigar da na'urar VAR, mai taimaka wa alƙali da bidiyo, cikin dokoki a 2018, horo a kanta ya zama abin da hukumar ƙwallon Afirka ta CAF da FIFA suke dubawa wajen zaɓen alƙalan manyan gasanni, saboda haka duk kwas ɗin VAR da hukuma ta shirya ka nemi shiga, ko da gasar da kake busawa ba ta fara amfani da na'urar ba.